Hirar Giwa: Yadda Baba ta Karo ta Ba da Labarin Rayuwarta

A ƙarshen shekarar 1949 wani masani ɗan asalin Jamaika, M.G. Smith, yana ƙasar Zazzau yana bincike kan sarauta da zamantakewa. Fadawa da hakimai sun saki jiki da shi, amma iyakarsa zaure, don namiji baƙo ba ya shiga cikin gida. Matarsa Mary ce ta shiga, kuma a garin Giwa ta haɗu da wata tsohuwa da ake kira Baba.

An haifi Baba wajen 1877, ta tashi a Karo, kusa da Zarewa, a gidan manoma da malamai masu rinji da bayi. Kusan mako shida suka yi suna zama, tana faɗa, Mary tana rubutawa da hannu, da Hausa.

Abin da ta faɗa babu shi a littattafan tarihin sarakuna. Waɗannan suna gaya mana wa ya hau gado, wa ya ci garin wa. Baba kuwa ta faɗi yadda samame yake ga wanda ya faɗa wa: mata suna gona ko hanyar kasuwa, mahaya su auko, sai dangi su shiga tara wuri don fansa. Ta yi bayanin kunyar ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, da yadda ake ƙulla ƙawance, da zaman kishiyoyi, da bori, da wankan jego. Aure huɗu ta yi, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma ta faɗi haka ba tare da neman a tausaya mata ba. Ko zuwan Turawa, da idon mutanen ƙauye ta kalle shi: hanya ta yi lafiya, amma bayin rinji suka fara watsewa, noman gandu ya koma wuyan masu gida.

A ganina darajar hirar tana cikin haƙurin mai tambaya. Mary ta bar tsohuwa ta bi zaren labarinta, ta ratse zuwa bikin wata 'yar'uwa, ta dawo inda ta tsaya, yadda kakanninmu suke yi.

Baba ta rasu a 1951. Littafin, Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954, da Turanci, kuma abin yana damuna, domin maganar da aka yi da Hausa sai ta fara isa jami'o'in Ingila da Amurka kafin jikokin matan Giwa su ji ta. Daga baya wani masani, Neil Skinner, ya bi irin hanyar Mary da Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, malamin Kano da ya yi aiki da wani Bature, Bargery, kan ƙamus ɗin Hausa na 1934, aka buga labarin rayuwarsa a 1977.