Hanci Bai San Daɗin Gishiri Ba: Tarihin Tabar Wiwi a Fagen Magani

Gabatarwa

Da zarar an ambaci tabar wiwi a ƙasarmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne 'yan daba da bakin tasha da mahaukata. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin abin da ido ya saba gani ke nan. Amma mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa wannan shuka ta yi shekara casa'in da biyu a cikin littafin magunguna na hukuma a Amurka, aka fitar da ita, sa'an nan kuma wasu sinadaranta suka sake komawa asibiti. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a bi diddigin wannan shiga da fita, a ga dalilinta. Dalilin kuwa guda ne, watau awo. Duk lokacin da likita ya kasa sanin abin da ke cikin kwalbarsa da yawansa, maganin yakan kuɓuce masa.

Zamanin da

A shekarar 2019 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin wasu kaskon wuta na itace da aka tono a maƙabartar Jirzankal, a duwatsun Pamir da ke yammacin ƙasar Sin. Kaskon sun kai shekara 2,500, an kuma sami ragowar sinadarin wiwi a jikin duwatsun da ke cikinsu. Wannan ya yi daidai da abin da Herodotus, masanin tarihi na Girka, ya faɗa game da wasu makiyaya da ke zuba irin shukar a kan duwatsu masu zafi suna shaƙar hayaƙin. Ta fuskar magani kuwa, tsohon littafin tsirrai na Sinawa da ake danganta wa Sarki Shennong ya ambace ta, haka kuma Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na ɗaya, ya ce ana ɗiga ruwan irinta a kunne mai ciwo.

Malaman Larabawa sun san ta da sunan ƙinnab. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai haifaffen Malaga a Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ga wani irinta a lambunan Misra wanda ake kira ƙinnab na Hindu, ko hashisha. Ya lura cewa wannan irin yana bugarwa ƙwarai, kuma wanda ya yawaita shi hankalinsa kan taɓu. Ashe tun wancan zamani masana sun gane cewa shuka ɗaya ce ga ido, amma ba ƙarfinta ɗaya ba. Turawa ma daga baya sun raba ta biyu: Linnaeus ya raɗa wa ta Turai suna sativa a 1753, Lamarck kuma ya kira ta Indiya indica a 1785.

Daga Kalkata zuwa Landan

Wanda ya shigar da wiwi cikin likitancin Turawa shi ne William O'Shaughnessy, wani likita ɗan ƙasar Ailan da ke koyarwa a kwalejin likitoci ta Kalkata a Indiya. Ya ga masu maganin gargajiya na can suna aiki da ita, sai ya fara gwada ta a kan dabbobi, daga nan ya koma kan marasa lafiya. A 1839 ya bayyana sakamakon aikinsa. Ya ba masu sanyin ƙashi da masu kwalara da masu ciwon sarƙe-haƙora. Ya ba wani mutum da mahaukacin kare ya ciza. Mutumin bai tashi ba, amma ya sami sauƙin azaba kafin ya cika. Ya kuma ba wata jaririya 'yar kwana arba'in mai fama da jijjiga, ta kuwa warke. Mai karatu ya riƙe labarin wannan jaririya, domin za mu komo kansa.

Ba a daɗe ba maganin ya bazu. Akan tsima ƙaron shukar a cikin sinadarin barasa, a zuba a kwalba, a riƙa ɗiga wa maras lafiya. A 1850 aka sa shi cikin littafin magunguna na Amurka. A 1890 Russell Reynolds, wanda ya yi wa Sarauniya Biktoriya likita, ya rubuta a mujallar Lancet cewa bayan shekara talatin yana aiki da shi, ya same shi cikin magunguna masu amfani ƙwarai, musamman ga ciwon ɓarin kai. Amma shi kansa ya yi gargaɗi cewa ƙarfin maganin yana bambanta daga wannan kwalba zuwa waccan.

Yadda ya kuɓuce wa likitoci

A nan ne gizo ke saƙar. Tun wajen 1805 Friedrich Sertürner ya fitar da mofin daga cikin ofiyom, aka kuma fitar da koken daga ganyen koka a 1860. Waɗannan gari ne tsantsa, ana iya auna su a ma'auni. Da aka ƙirƙiro sirinji a 1853, sai ya zama ana iya narka mofin a ruwa a yi allura da shi, ya yi aiki nan take. Ƙaron wiwi kuwa mai maiƙo ne, ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya shiga allura. In an sha shi ta baki sai ya ɗauki awa guda ko fiye kafin a ji aikinsa. Ga shi kuma kwalbar bana ta bugar da mutum, ta baɗi ta zama kamar ruwa. Da asfirin ya fito a 1899, likitoci suka ƙara juya masa baya.

Daga nan sai doka ta biyo. Yarjejeniyar Janiba ta 1925 ta sa wiwi cikin abubuwan da ake sa wa ido tsakanin ƙasashe, bisa matsawar wakilin Misra. Amurka ta ɗora masa haraji mai nauyi a 1937, aka kuma cire shi daga littafin magungunanta a 1942. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta jera shi tare da hiroyin a rukunin da ya fi tsanani. A Nijeriya dokar 'yan mulkin mallaka ta 1935 ta hana shi, gwamnatin soja kuma ta kafa doka ta musamman a 1966 mai hukunci har da kisa ga wanda ya noma shi, kafin a sassauta a 1975. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, watau NDLEA, an kafa ta a 1989.

Masu kimiyya sun buɗe ƙunshi

Yawancin wannan doka an yi ta ne ba tare da an san takamaiman abin da ke bugarwa a cikin shukar ba. A 1940 Roger Adams na Jami'ar Illinois ya fitar da wani sinadari daga cikinta, wanda ake kira CBD a taƙaice, amma ba shi ne mai bugarwa ba. Sai a farkon shekarun 1960 Raphael Mechoulam, wani matashin masanin kimiyya a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, ya karɓo kilo 5 na hashisha daga hannun 'yan sanda, ya ɗauko a jaka cikin motar haya. Ya sha ba da labarin yadda fasinjoji suka yi ta tambayar ina wannan wari yake fitowa. A 1963 shi da abokin aikinsa suka gano ƙirar CBD, a 1964 kuma shi da Yechiel Gaoni suka fitar da THC tsantsa, suka tabbatar shi ne mai sa maye. Waɗannan sinadarai su ne ake kira kanabinoid, an kuma gano fiye da 100 daga cikinsu a jikin shukar.

Saura tambaya guda: ta yaya suke aiki a jiki? A 1988 Allyn Howlett da ɗalibinta William Devane suka nuna cewa akwai wani gurbi a ƙwaƙwalwa wanda THC ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Aka kira shi CB1. A 1993 aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. To, in akwai kwaɗo a jikin ɗan Adam, lalle akwai mabuɗinsa na gida. A 1992 aka same shi a ɗakin binciken Mechoulam, aka raɗa masa suna anandamaid, daga kalmar Sanskirit mai nufin ni'ima.

Kowane ciwo da nasa sinadarin

Da aka iya aunawa, sai ƙofar asibiti ta sake buɗewa, amma ba ga ganyen baki ɗaya ba. A 1985 Amurka ta yarda da ƙwayar Marinol, wadda THC ne da aka haɗa a masana'anta, don tsayar da aman masu shan maganin ciwon daji. A 1992 aka ƙara da masu ƙanjamau da suka rasa sha'awar abinci. A 2005 Kanada ta yarda da Sativex, wanda ake fesawa a baki, mai ɗauke da THC da CBD kusan daidai wa daida. Ingila ta bi a 2010, don masu wata cuta da ke cin rigar jijiyoyi tana sandarar da gaɓoɓi.

Labarin farfaɗiya kuwa abin tausayi ne. Tun 1980 wasu likitoci a Birazil tare da Mechoulam suka ba masu farfaɗiya 8 CBD: 4 suka kusa rabuwa da faɗuwa, 3 suka sami sauƙi, 1 bai ga canji ba. Aka bar wannan sakamako ya yi ta shan ƙura. Sai a 2018 Amurka ta yarda da Epidiolex, ruwan CBD tsantsa, don wasu irin farfaɗiya biyu masu tsanani da ke kama yara. Daga jaririyar Kalkata zuwa wannan rana shekara 179 ke nan. Uwar yaro mai farfaɗiya CBD take nema, ba ta son ɗanta ya bugu. Mai ciwon daji da amai ya hana shi sakat THC ne ke masa aiki. Zaɓin ya danganta da ciwon.

Maganar ƙamshi

Abin mamaki, THC da CBD ba su ne suka tayar wa fasinjojin motar nan hankali ba, domin kusan ba su da wari. Ƙamshin shukar daga wasu sinadarai ne daban masu saurin bin iska, waɗanda ake kira tarpin. Otto Wallach na Jamus ya sami lambar Nobel a 1910 saboda aikinsa a kansu. Ba wiwi kaɗai ke da su ba. Limonin shi ne ƙamshin da ke tashi in an ɓare lemo. Mirsin yana cikin mangwaro. Kariyofilin yana cikin kanumfari da masoro, watau duk mai shan kunun kanwa ko yaji ya san shi. Shuka tana yin su ne don ta kori ƙwari, kuma daga ƙananan gashin furen mace suke fitowa, inda kanabinoid ma ke taruwa. Wancan ɗoyi mai kaifi kuwa, bincike na 2021 ya nuna daga sinadarai masu farar wuta yake, dangin na tafarnuwa.

A ƙasashen da aka halatta wiwi don magani, kamar jihar Kalifoniya tun 1996 da Kanada tun 2001, masu saye da yawa da hanci suke zaɓe. Akan ce mai ƙamshin lemo yana wartsakarwa, mai ƙamshin ƙasa yana sa barci. Akan ce sativa ta rana ce, indica ta dare. Akwai ɗan abin kamawa a nan, domin a 2008 Jürg Gertsch da abokansa sun nuna kariyofilin yana shiga gurbin CB2. Amma gwaje-gwajen da aka yi a 2019 da 2020 a kan sauran manyan tarpin ba su ga suna sauya aikin THC a gurbin nan biyu ba. Bugu da ƙari, wani bincike na 2022 da ya duba samfuri kusan 90,000 daga jihohi 6 na Amurka ya tarar cewa sunan sativa ko indica da ke jikin leda ba ya nuna abin da ke ciki. Matsalar da Reynolds ya koka da ita a 1890 ce ta dawo da sabuwar riga.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tarihi ya wanke ganyen da ake nannaɗawa a lungu. A Amurka, THC da ke cikin wiwin da hukuma ta kama ya tashi daga kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kashi 12 a 2014, CBD kuwa ya ragu. Binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a 2019 ya nuna masu shan mai ƙarfi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau 5. Abin da Ibn al-Baiɗar ya gani a Misra ke nan. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi, kuma noma shi da shan sa laifi ne a dokarmu.

Ga ɗalibanmu masu nazarin maganin gargajiya, darasin ya wuce wiwi. Muna da sabara da marke da maɗaci da ɗaruruwan tsirrai da kakanninmu suka sani da ɗanɗano da ƙamshi. Saninsu gaskiya ne, kamar yadda sanin masu maganin Kalkata ya zama gaskiya. Amma sai an fitar da abin da ke ciki, an auna, an gwada, sa'an nan likita zai iya cewa ga cokali nawa za a ba jaririya 'yar kwana arba'in.