Motar da ruwa ya ci a Amurka: mene ne takardar "salvage"?

"Salvage" kalma ce da hukumomin jihohin Amurka ke bugawa a takardar mallakar mota idan kamfanin inshora, wato asirans, ya ga kuɗin gyaranta ya kusa kai kuɗin motar, ko ma ya wuce. Kamfanin ya biya mai ita, ya karɓi motar, ya kai ta gwanjo. A can ba a yarda ta hau titi sai an gyara an sake duba ta, kuma ko an gyara tambarin na nan a tarihinta. Manyan wuraren wannan gwanjo su ne Copart da IAA, ana tayi ta intanet, har ƴan uwanmu da ke zaune can suna saye su turo gida.

Haɗari na sa a buga wannan tambari, gobara ma haka, amma wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta ambaliya. A watan Satumba na 2022 guguwar Ian ta afka wa jihar Florida, kamfanin Carfax ya ƙiyasta motoci wajen 358,000 ruwa ya taɓa. Cikinsu har da wata McLaren P1, motar gudu da guda 375 kawai aka ƙera a duniya. Ruwan teku ya fiddo ta daga garejin mai ita a garin Naples ya yar a titi. Ta shiga gwanjon Copart, daga baya wani mai gyaran motoci a YouTube da ake kira Tavarish ya saye ta dala 575,000. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba: sama da miliyan 300 na sefa ke nan, a kan motar da ko tashi ba ta yi.

To, babu mai kawo irin wannan Tasawa ko Mayahi, yashinmu ma ba zai bar ta ba. Amma gwanjon da ta shiga, shi ne wanda Toyota, Lexus da Mercedes da yawa ke bi kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Mota na isowa, a biya duwan, a yi mata sabon kart-giris na Nijar, kuma babu inda wannan kati ke cewa ta taɓa kwana cikin ruwa. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar jikinta, VIN, haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ku ɗauki hotonta ku tura wa ɗan uwa a ƙetare. Shafin VINCheck na NICB kyauta ne, na Carfax da kuɗi amma ya fi bayani, kuma sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo na nan a intanet. Dillalin da ya hana ku ɗaukar wannan lamba, ku ja da baya.

Ruwa, musamman na gishiri, a hankali yake ɓarna. Motar zamani cike take da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, wasu a ƙarƙashin kujeru. Tana iya tashi lafiya lau ranar ciniki, bayan wata huɗu ko shida tsatsa ta cinye mahaɗan wayoyin, fitilu su dinga kamawa barkatai, giya ta ƙi shiga, jakar iska ta ƙi buɗewa ranar haɗari. Makaniki ya canza wannan, gobe wancan ya mutu. Motar da ta fi tsada ta fi yawan waɗannan kayan, kuma ba a rasa wanda sai an yi odarsa daga waje.

Kafin ku biya, ku je da makanikinku, ba na mai sayarwa ba. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba laka, a leƙa ramin tayar safaya, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko da tabon ruwa, a dubi kusoshin kujeru. Turare mai ƙarfi cikin mota ko sabuwar shimfiɗa a tsohuwar mota abin tambaya ne. Wannan dubawa ta shafi motocin gida ma, don ambaliyar da ta auka wa birnin Maraɗi a ƙarshen watan Agusta na 2024 ba gidaje kaɗai ta shiga ba.

Sayen irin wannan mota ba laifi ba ne in an sani, kuma kuɗinta ya yi ƙasa sosai. Wasu don kayan gyara suke saye. Mai sayarwa kuwa, ko ɗan uwa ne ya aiko masa daga Amurka, wajibi ne ya faɗi aibin. A fiƙihun Malikiyya mai saye na da ikon mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Don haka a rubuta lambar VIN da maganar ruwan a takardar ciniki, gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.