Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya a Jirgin Sama Daga Kano Zuwa Jidda

A duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, maniyyata da iyalansu kan tambaye mu ko awa nawa jirgi yake yi kafin ya isa ƙasa mai tsarki. Ga bayanin kamar yadda yake.

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe sak, wato mil 2,100 da 'yan kai. Zuwa Madina kuwa tazarar ta ɗara haka da kimanin kilomita 150. Manyan jiragen jigilar alhazai suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a cikin awa ɗaya, saboda haka idan an haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi ko kusa da haka.

Jirgin yakan nufi gabas maso arewa, ya ratsa samaniyar Chadi da Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Kusan hanyar ke nan da kakanninmu suka bi a ƙafa da kan raƙuma, ta Barno da Wadai da Darfur har zuwa tashar ruwa ta Sawakin. Wasu sun yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago domin neman guzuri, wasu ma a can Sudan suka zauna, zuriyarsu na nan har yau.

Sai dai wannan lissafi ya dogara ne ga samun miƙaƙƙiyar hanya. A watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙaru da kimanin awa biyu, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi saboda mai.

Abin da ya fi rikitar da jama'a shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda wajen ƙarfe 2:30 a agogonmu, amma ƙarfe 4:30 na asuba a agogonsu. A dawowa kuwa sai a ga kamar awa biyu da rabi kawai aka yi. Muna jawo hankalin masu shan magani a kan ƙa'ida, musamman masu ciwon sukari da hawan jini, da su ƙidaya awoyin da suka wuce maimakon dogara ga agogon inda suka sauka, kuma su ajiye maganin a jakar hannu.

Haka nan wanda za a sauke a Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ya nemi bayanin malaman bita a kan ɗaura harami tun kafin ya hau jirgi, domin wurin canza tufafi a cikin jirgi ƙanƙane ne ƙwarai. Wanda aka fara kaiwa Madina kuwa, sai ya iso Zul-Hulaifa zai yi niyya.