Wuraren tarihi na Gombe

Gombe, babban birnin jihar da aka ƙirƙiro a 1996, gari ne mai ƙuruciya idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Baƙon da ya shigo ta Tumfure, kan hanyar Bauchi, sababbin unguwanni zai fara gani kafin ya isa tsakiyar gari, inda Fadar Sarkin Gombe da babban masallacin Juma'a suke maƙwabtaka.

Fadar ta samo asali ne bayan 1919, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar masarautar daga Nafada zuwa Doma, wato Gomben yau. Tushen sarautar kuwa yana Gombe Abba, kusa da kogin Gongola, garin Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓi tutar jihadi. Can kabarin Buba Yero yake.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne Bormi, kusa da Bajoga. A nan sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yulin 1903, yana kan hijira zuwa gabas. Kabarinsa ya cancanci kulawa fiye da wadda yake samu.