Samarin Oksfod da Ƙofar Kurkuku

'Yan'uwa matasa, a duk lokacin da muka karanta Matiyu 25, inda Ubangiji ya lissafta ziyarar ɗaurarru cikin ayyukan da zai tambaye mu, mukan ce wannan aikin fastoci ne da dattawan ikkilisiya. Tarihi bai goyi bayanmu ba. A Ingila, cikin ƙarni na 18, 'yan makaranta ne suka tayar da wannan hidima daga barci.

A shekarar 1729 wasu samari a jami'ar Oksfod suka fara taruwa da yamma don addu'a da nazarin Sabon Alkawari. Cikinsu akwai John Wesley da ƙanensa Charles, da wani ɗalibi daga ƙasar Ailan mai suna William Morgan. Zumunta ce irin tamu, sai dai ba su kai mu yawa ba. Yau kowa ya san sunan Wesley, amma ba shi ya fara zuwa kurkuku ba. Morgan ne ya je ganin wani mutum da aka yanke wa hukuncin kisa saboda ya kashe matarsa. A can ya zanta da wani da aka kulle kan bashi, ya dawo yana cewa mutanen nan za su amfana ƙwarai in da akwai mai zuwa ya yi magana da su lokaci lokaci. Ya yi ta nanata zancen har abokansa suka gaji. Ranar 24 ga Agusta 1730 John da Charles suka bi shi zuwa kurkukun da ke tsohuwar fadar garin. John yana da shekara 27, Charles 22.

Sai mun san yadda kurkuku yake a zamanin kafin mu gane abin da suka shiga. Mai gadin kurkuku yakan ci abinci ne daga kuɗin da yake karɓa a hannun fursunoni. Mai bashin 'yan kuɗi kaɗan yana iya daɗewa a kulle, alhali a kulle ba shi da hanyar neman abin biya. Ga cunkoso, ga ƙazanta, ga wani zazzaɓi da ƙwarƙwata ke yaɗawa, wanda ya kashe ɗaurarru da yawa tun kafin alƙali ya gan su.

Abin da John ya yi bayan ziyarar farko ya kamata mu lura da shi. Ya rubuta wa mahaifinsa, Samuel Wesley, faston Epworth, yana neman shawara. Tsohon ya yi murna, ya ce shi ma ya ziyarci ɗaurarrun wannan kurkuku sa'ad da yake ɗalibi. Amma ya umarce su su fara neman yardar wanda ke da alhakin fursunonin, sa'an nan ta bishop. Haka suka yi. Suka je wurin limamin da ke kula da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, bishop kuma ya ba da izini. Mu da zafin ƙuruciya yakan sa mu ɗauki ganga da lasifika mu doshi ƙofar gidan yari ba takarda, mu dawo muna cewa an tsananta mana, sai mu yi tunani a nan.

Daga nan suka riƙa zuwa sau ɗaya ko sau biyu kowane mako. Suna karanta Maganar Allah, suna koya wa marasa karatu karatu, suna sayen magani da littattafai daga abin da suka tara. Wanda bashinsa bai yi yawa ba su biya a sake shi. Abokan karatunsu suka mai da su abin dariya, suka laƙaba musu sunaye. Ɗaya daga cikin sunayen ba'ar nan, wato Metodis, shi ne ya zama sunan ikkilisiya guda har yau.

Morgan bai ga ƙarshen abin da ya fara ba. Ya kamu da ciwo, hankalinsa ya taɓu, ya mutu a Dublin a watan Agusta 1732. Jita-jita ta bazu cewa yawan azumin da Wesley ya koya masa ne ya kashe shi. John ya rubuta wa mahaifin yaron doguwar wasiƙa yana bayyana duk abin da suke yi, daga wasiƙar nan kuwa muka san yawancin labarin. Uban ya gamsu, har daga baya ya damƙa ƙanen Morgan a hannun John ya koyar da shi.

Akwai wani abu da bai kamata mu ɓoye ba. Duk shekarun nan 'yan'uwan biyu suna hidima ne ba su da tabbacin ceto a zuciyarsu. Sai a watan Mayu 1738 suka same shi, Charles ranar 21, John ranar 24. Ziyarar kurkuku ba ta ceci kowannensu ba, alheri ne ya cece su. Amma duba abin da alherin ya haifar. Wata biyu bayan haka Charles ya yarda aka kulle shi da dare tare da masu jiran rataya a kurkukun Newgate da ke Landan, suna addu'a da waƙa. Ranar 19 ga Yuli ya raka mutum goma zuwa Tyburn, ya hau keken da aka ɗora su a kai ya yi addu'a da su. Cikinsu akwai wani baƙar fata da aka kama da yi wa ubangidansa sata, wanda Charles ya yi kwanaki yana gaya masa cewa Almasihu ya mutu dominsa shi ma.

Bayan shekara goma wata mace mai suna Sarah Peters, ba fasto ba ce kuma ba ta da muƙami babba, ta shiga Newgate ɗin nan a watan Oktoba 1748 don ganin wasu da aka yanke wa hukuncin kisa. Ta yi ta komawa. Ta bi ofisoshin manya tana roƙon a yi wa ɗayansu, John Lancaster, ahuwa, ba a yi ba, aka rataye shi. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita, ta rasu ranar 13 ga Nuwamba. John Wesley ya rubuta labarinta a littafin da yake ajiye abubuwan da suka faru kowace rana, shi ya sa sunanta ya iso gare mu.