Shanshui: Zanen tsaunuka da ruwa na ƙasar Sin

Shanshui shi ne sunan da Sinawa suka bai wa zanensu na gargajiya mai nuna tsaunuka, koguna da dazuzzuka. Kalmomi biyu aka haɗa: "shan", wato tsauni, da "shui", wato ruwa. Ana yin sa da buroshin gashin dabba da baƙar tawada a kan takarda ko siliki.

Ita tawadar, baƙin hayaƙin itace ne ake cuɗawa da danko a busar, sannan mai zane ya goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Yawan ruwan ne ke sa ta fito baƙi ƙirin ko toka-toka. Inda kuma aka bar takarda fara, nan ne hazo, sarari ko kogi.

Masu wannan zane ba su damu da kwaikwayon wani wuri sak ba. Burinsu shi ne mai kallo ya natsu, ya yi tafiya cikin zanen da zuciyarsa. Zong Bing (375–443), wanda ya yi ɗaya daga cikin rubuce-rubucen farko kan fannin, ya sha yawo a duwatsu. Da tsufa da rashin lafiya suka hana shi fita, sai ya zana su a bangon ɗakinsa, yana zagaya su da ido daga kwance. Tunanin yana da tushe a falsafar Dao, wadda ke ɗaukar ɗan Adam a matsayin ƙaramin ɓangare na halitta, ba ubangidanta ba.

Fasahar ta bunƙasa a zamanin daular Song (960–1279). Shahararren zanen Fan Kuan na matafiya cikin tsaunuka, wanda ya yi a wajajen shekarar 1000, ya ɗan haura mita 2 a tsayi. Wani ƙaton tsauni ya mamaye mafi yawansa, ayarin matafiya da dabbobinsu kuwa can ƙasa, sai an lura sosai ake ganinsu. Ko sunan mai zanen, sai a 1958 aka gano shi ɓoye cikin ganyaye.

Guo Xi, wanda ya zana farkon bazara a 1072, ya koyar da nisa iri 3: duban ƙololuwa daga gindin tsauni, leƙa abin da ke bayansa, da hangen nesa a shimfiɗe.

Wasu zanukan dogaye ne, ana nannaɗe su, a riƙa warwarewa kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu. Irinsu ne zanen tsaunukan Fuchun na Huang Gongwang, na wajajen 1350. Wuta ta raba shi biyu a 1650: guntu ɗaya na Hangzhou, ɗayan kuma na Taipei. A 2011 aka baje su tare a Taipei, bayan shekara 361 da rabuwa.