MANJO-JANAR HASSAN USMAN KATSINA (1933–1995)

Asalinsa

An haifi Hassan Usman Katsina a birnin Katsina a shekarar 1933. Ɗa ne ga Sarkin Katsina Usman Nagogo, jika ga Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Katsina da Zariya, ya shiga aikin soja a 1956, kuma ya samu horon hafsoshi a Sandhurst ta ƙasar Ingila. Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina.

Aikin soja da mulki

Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa shi Gwamnan Soja na Arewa. Ya karɓi ragamar ne jama'a na cikin juyayi da ɗar-ɗar, don haka ya dogara ga sarakuna da tsofaffin ma'aikatan gwamnati wajen riƙe al'umma. A wancan lokaci Gusau, Tsafe da Bunguɗu suna cikin Lardin Sakkwato, ƙarƙashin mulkinsa.

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Waɗannan garuruwa suka faɗa Jihar Arewa maso Yamma, daga bisani Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Shi kuwa Hassan ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa a 1968, ana tsakiyar Yaƙin Basasa, ya riƙe muƙamin har 1971. Ya bar aikin soja a 1975.

Ƙwallon dawaki

Hassan ya gaji wasan ƙwallon dawaki, wato folo, daga gidansu. Kakansa ne ya kafa wasan a Katsina, mahaifinsa kuma yana cikin gwanayen da Nijeriya ta yi. Ana buga shi da mahaya huɗu a kowane ɓangare, kowa riƙe da doguwar sanda. Hassan ya yi fice a fili, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Folo ta Nijeriya.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Yuli, 1995. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Katsina tana ɗauke da sunansa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.